Baƙuwa a Akwatin Kananzir

Tun da na dawo daga Jajaye ba ni da sakat a gindin durumin da muke hira. Wannan ya ce, "Tanko, da gaske ne an kama ka a Rogo?" Wancan ya ce, "Da gaske ne ka yi goyo?" Na gaji da maimaitawa, ga shi duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba, har an fara cewa a gidan yari na kwana. Shi ya sa na ari alƙalami. Wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri, iyakar bokona yaƙi da jahilci ne, shi ma ban kai ƙarshe ba na gudu, ranar da malamin ya ce in tashi in yi karatu a gaban surukina.

Bari in fara da wautar, tunda tawa ce. Ni ne na buɗe baki da kaina na ce, "Yarinya guda ɗaya har wani aiki ce? Kawo ta." Mutum da furfura a gemu, wanda bai taɓa wanke wa yaro ko hannu ba.

Sana'ata gyaran sikeli. In kaka ta yi aka buɗe cinikin gyaɗa, sai in ɗaure kayan aiki a keke in bi rumfunan awo, daga Karaye har Rogo da ƙauyukanta. In gyara wanda ya karkace da kansa, in gyara wanda mai shi ya taimaka masa ya karkace. Abin da na samu a wannan zagaye shi ne na shekara. Maiɗakina kuwa ungozoma ce a asibiti, ita ma ba mazauniya ba ce, yau an zo da jaki an ɗauke ta, gobe mota. Ta karɓi 'ya'yan rabin garin nan da hannunta kafin Allah ya ba ta nata, lokacin da ni har na fitar da rai. Mace ce, aka sa mata sunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ga ta 'yar fari, ga ta mai sunan uwa, kunya ta zama biyu. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Baƙuwa nake ce mata, ita kuma ta ji uwarta na ce min Malam, sai ta ɗauka sunana ke nan.

Da can muna karɓa-karɓa, in na fita tana gida, in ta fita ina gida ina sa maƙwabta aiki. Bana sai abin ya zo a haɗe. Aka kira ta kwas a Kano, ba a zuwa da yara, kuma daidai lokacin da aka buɗe awo. In ta ƙi zuwa, wata za a kawo a ɗora a kanta. In ni na zauna, akwai wani yaro mai babur da ya fara leƙo min ƙauyuka.

Ta ce, "Malam, ɗayanmu fa sai ya zauna."

Na ce, "To ki zauna mana."

Ta ce, "Sikeli ba ya naƙuda. Kai ka zauna."

Na ce, "Ai a Kanon ma ba naƙuda za ki karɓa ba, benci za ki ɗumama."

Muka kwana biyu ana ba ni tuwo ba magana. Daga nan na kawo shawarar Yaya Dije, yayata da ke aure a Jajaye, wadda tun lokacin yaye take aikowa a kai mata yarinyar muna ta kawo uzuri. Jajaye a kan hanyata take. In ajiye ta da tafiya, in ɗauko ta da dawowa.

Maiɗakina ta ce, "Ka san Yaya. 'Yar fari a wurinta ta riƙo ce, in ta shiga hannunta sai dai mu gan ta ranar aure. Ni ba ni da bakin ce mata a'a. Na daɗe ina jiran yarinyar nan, Malam. Aro za ka ba ta, ba kyauta ba."

Na ce kada ta damu, ni da yayata ba a shiga tsakaninmu. Wannan ita ce wauta ta biyu.

Akwai akwatin kananzir na katako da nake ɗaurawa a kariyar keke, a ciki nake zuba duwatsun awo da sifana da filaya. Na tura su gefe, na shimfiɗa tsumma, na dasa Baƙuwa a tsakiya. Uwar ta biyo mu har bakin unguwar Daura tana karanto dokoki: ruwa sai an tafasa, ban da abincin kasuwa, ban da zaƙi, kuma duk inda na gyara sikeli in ɗora ta in ga ko ta ragu. Ina ta cewa to, ina waige kada wani ya gan ni.

A babbar hanya ba mu sha wahala ba, in ban da wannan sabon tuƙin hannun dama da aka kawo mana bana, wanda har yanzu ƙafata ba ta yarda da shi ba. Wata gingimari ta taho, na kauce ta inda na saba, direban ma ya kauce ta inda ya saba, muka wuce juna lafiya, duk mu biyun a kan laifi.

Da muka shiga burji sai na ji keken yana ƙara sauƙi. Na ce lallai ƙarfin samartaka ne ya dawo. Ina cikin yabon kaina na ji ana kira daga baya. Wata Bafulatana ce da ƙwaryar nono a ka, tana ɗaga wani abu.

Ta ce, "Baffa, kekenka yana yin ƙwai."

Ƙaramin dutsen awo ne. Na duba akwati, saura Baƙuwa da tsumma da babban dutsen da ya fi ƙarfinta. Tun daga bayan gari take jefar da su ɗaya bayan ɗaya, tana leƙawa ta ga inda suka faɗa. Na koma da ƙafa ina tsinta kamar mai kalar gyaɗa. Filaya dai har yau ban gan ta ba. Duk wanda ya tsinta tsakanin Karaye da Rogo, tawa ce, kuma ban yafe ba.

Mun shiga Rogo ranar kasuwa. Da na bi ta layin 'yan gyaɗa da ba a yi komai ba, amma sai na ce in zaga ta wajen mata, inda ba a san ni ba. Nan Baƙuwa ta hango mazarƙwaila. Ta miƙa hannu, na tuna doka, na hana. Ta buɗe maƙogwaro.

Mai mazarƙwailar ta ce, "Baba, 'yarka ce?"

Kun san amsar da mai kunya yake bayarwa. Na ce, "A'a, saƙo ce."

"Saƙon wa?"

"Na wasu mutane."

"Yaya sunanta?"

Na sunkuyar da kai ina kallon tayar keke. Ta kalli akwatin, ta kalli yarinya tana ihu, ta kalle ni. Sai ta riƙe kan keken da hannu biyu ta kira maƙwabciyarta. Kafin in yi wani bayani mata sun kewaye ni, wata har ta ɗauko muciya. Aka tasa ni gaba zuwa rumfar sarkin kasuwa. Ya tsuguna ya tambayi yarinyar, "Wannan wane ne?" Ta share majina ta ce, "Malam." Aka ce to, kun ji, ba ta ce Baba ba.

Aka kirawo 'yan baranda, mutanen da nake gyara wa sikeli tun ba su fara aski ba. Na ce yanzu za a sallame ni. Babbansu, Alhaji Mati, wanda a gidansa nake sauka, ya ce, "Sanin Tanko kam mun san shi. Amma shekara da shekaru muna cin tuwo tare, bai taɓa cewa an yi masa haihuwa ba."

Wata mata mai goyo ce ta cece ni. Ta kutso ta leƙa fuskar yarinyar ta ce, "Wannan ai 'yar Ungozomar Karaye ce. Ga goshin nan. Ita ta karɓi wannan da ke bayana."

Sarkin kasuwa ya nuna ni. "Shi fa?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Oho. Ko mijin ne."

Tun daga ranar ba ni da suna a Rogo sai Mijin Ungozoma. Mai muciyar ma ta zo ta ce in na koma in gaishe mata da Ungozoma.

A gidan Alhaji Mati mata suka karɓi Baƙuwa suka shige ciki, kuma duk abin da uwarta ta hana suka ba ta, don girmamawa. A Karaye in ka je baƙunci fura ake kawo maka. A Rogo rake ne da mazarƙwaila, babba da yaro, har na lura tsofaffinsu ba su da haƙoran da za su yi faɗa da su. Washegari cikin Baƙuwa ya ba da amsa. Aka fito min da ita da tsummokinta a zaure, wai ta ƙi kowa sai Malam. Na zaga bayan gida wajen rijiya na yi wankin da ban taɓa yi ba, ina yi ina leƙe, na shanya a kan keke na ce tsumman goge sikeli ne.

Da na gama gyaran sikelin Alhaji na ɗora Baƙuwa a kai, kamar yadda aka umarce ni. Tsohuwarsa ta fito da sanda.

"Kai, ɗan mutum ake aunawa kamar gyaɗa? Sayar da ita za ka yi?"

Na ce, "Inna, gwada sikelin nake."

"Ka gwada da uwarka."

Ban gaya mata cewa kusan abin da nake yi ke nan ba. Yarinyar dai ta ɗan ragu kaɗan. Na sa wa sikelin laifi, alhali ni na gyara shi.

Daga Rogo muka nufi Gwangwan. Mutanen kirki ne, sai dai gaisuwarsu ta fi tamu tsawo. A Karaye in an tambayi gida da gajiya da aiki an gama. Can sai an tambayi keke. Ina tsugune muna lafiya lau da mai gari, Baƙuwa ta sulale ta shiga rumfar awo ta zauna cikin tarin gyaɗar wani manomi, tana ci tana cika riga. Manomin ya ce a auna ta tare da buhun, tunda rabin kayansa yana cikinta. A can ne kuma na koyi cewa yaro ba ya jin yunwa lokacin da kake da abinci, sai ka hau hanya. Na koma yawo da curin fura a aljihun da nake sa goro.

Tsakanin Gwangwan da Jajaye akwai wani gangare mai yashi. Taya ta shiga rami, muka kwanta gaba ɗaya. Ita ko ƙwarzane ba ta yi ba, dariya ma take, amma akwatin ya rabu gida-gida, tayar baya kuma ta yi faci. Ga kaya, ga keke na turawa, ga yarinya ta ce ƙafarta ta gaji alhali ko taku ɗaya ba ta yi ba.

Wata tsohuwa mai itace ta tsaya tana kallonmu. Ta ce, "Ina uwarta?"

Na ce, "Tana Kano wajen aiki."

"Kai kuma fa?"

"Ni ma aikin nake."

"To ita wa take yi wa aiki, da ake yawo da ita?" Ta sauke itacen. "Cire rawanin. Sunkuya. Ba ruku'u na ce ka yi ba, sunkuya kamar mai shara."

Ta ɗora min ita, ta zagayo da rawanin ta ƙarƙashin hammata, ta ɗaure a ƙirji har sai da na yi tari. Kafin mu yi nisa na ji numfashinta ya sauka a tsakiyar bayana, ta yi barci. Ban san haka abin yake ba. Mata sun daɗe suna ɓoye mana wannan.

Da na hango rumbunan Jajaye kunya ta dawo. Na ɗauko babbar riga na zura a kan goyon. Mijin Yaya, Malam Habu, yana ƙofar gida da gardawansa ana biya karatu. Ya ɗago ya gan ni da ƙusumbi, ya ajiye littafi.

"Subhanallahi. Tanko, yaushe wannan ya same ka?"

Na ce, "A hanya ne, Malam."

Ya taso ya dafa wurin, ya fara addu'a yana tofawa. Ƙusumbin ya yi atishawa ya ce zai sha ruwa. Gardawa suka ɓuya a bayan alluna, kafaɗu na rawa. Malam ya ƙarasa addu'arsa tsaf, ya shafa, ya ce, "Ka ga an samu sauƙi nan take."

Yaya Dije ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Nata 'ya'yan duk sun tashi, ɗakinta ba motsin kowa. Ta kwance yarinyar daga bayana ba ta ko gaishe ni ba, ta riƙe fuskarta tana kallo, ta ce, "Inna, kin dawo gida?" Na ga ta riga ta tanadi 'yar tabarma da 'yar ƙwarya da munduwa. Maganar aro tana bakina. Na ce bari sai na dawo, ba a fara baƙunci da sharaɗi.

Na wuce ƙauyukan gaba, can bakin iyaka, inda manomi yake shuka a ƙasar Kano ya zaga bayan gona ya yi fitsari a ta maƙwabta. Ba shinge ba ɗan sanda, sai dai ka ji an canja sunan hakimin da ake zagi. Aiki ya yi kyau, keke ba nauyi, ba mai jefar min da kaya. Amma sai in kama kaina ina magana da kariya. Na ɗaure wani sikeli a juye, mai shi ya yi ta godiya don ya ga yana ba shi riba, sai da na koma na kwance.

Da na dawo Jajaye na tarar an yi mata kitso, an sa mata lalle da kwalli, kumatu sun fito. Gaskiya a faɗe ta, ta fi kyau a hannun Yaya. Na gama cin tuwo, na fara gyaran murya, Yaya ta riga ni.

"In ka koma ka ce wa matarka ta kwantar da hankalinta, ta yi aikinta. Inna ta zauna ke nan. Uwa a mota, uba a keke, yarinya a akwatin kananzir. Haka ake renon mutum?"

Amsar da ake bayarwa guda ɗaya ce, kowa ya san ta, kuma ita ta fito daga bakina ba tare da ta nemi izinina ba. Na ce, "Ai taki ce, Yaya."

Aka lallaɓa da yarinyar bayan ɗaki don kada ta ga fitata. Na hau keke. Ina tafe ina shirya abin da zan gaya wa maiɗakina, kowace magana na ɗauko sai in ga fuskarta in mayar. Har na zo gangaren nan mai yashi. Na sauka, na kai hannu baya don in tallafe kanta kafin mu gangara. Hannuna ya dafa rigata.

Na daɗe a tsaye a wurin. Ba zan yi muku ƙarya in ce tsoron matata ne kaɗai ya juyo da ni ba, ko da yake yana ciki.

Na tarar da Malam da gardawa a inda na bar su, Yaya kuma ta leƙo zaure jin ƙararrawar keke.

Ta ce, "Lafiya?"

Na ce, "Mantuwa na yi."

"Me ka manta?"

Na ce, "'Yata."

Karatu ya tsaya. Yaya ta fito sosai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Wa?"

"'Yata, Yaya. Uwarta na jiranta. Ni ma ina so."

"Kai Tanko? A gaban mutane? To tunda kunyar ta ƙare, faɗi sunanta in ji."

Sunan da tun ina yaro ban taɓa furtawa ba. Na ji shi a baki kamar garwashi. Na ce, "Hauwa'u."

Malam Habu ya yi gyaran murya ya ce shi dai bai ga inda littafi ya hana uba kiran sunan 'yarsa ba. Yaya ta ce, "Ba littafi ne ya goye shi ba, Malam, ni na goye shi." Malam ya koma kan littafinsa da sauri.

Ta shiga ta fito da yarinyar. Ta ce in sunkuya. Da zanenta ta ɗaura min ita, ba da rawani ba, ta ja ƙullin da ƙarfin da na san ba na goyo ba ne kawai. Ta rataya ƙunshin daddawa da kuka a kan keke, ta sa 'yar ƙwaryar a ciki. Ba ta kalle ni ba, ba ta raka mu ko zaure ba. Na aika mata goro da turmin atamfa tun da na dawo, an ce ta karɓa, ba a ce ta ce komai ba.

Sauran rumfunan da goyo na gama su, ba babbar riga. A Rogo yara suka bi ni suna waƙa, na tsaya na gyara musu baitin da bai hau ba. Ruwa kuwa na tafasa, wani lokacin.

Mun riga maiɗakina isowa Karaye. Ranar da motarsu ta zo ta shigo da akwati a ka da takardar shaida a hannu, tun daga zaure take kiran yarinyar. Ta ajiye kaya ta durƙusa ta buɗe hannu. Baƙuwa ta dube ta, ta dubi sabon takalminta, sai ta zaga bayana ta kama rigata tana neman hawa. Aka fito da alewar Kano, ta miƙo hannu ta karɓa ta koma inda take. Na ce mata je ki mana, ga Ungozoma. Ta ƙara ƙanƙame ni.

Maiɗakina ta zauna a kan turmi, takardar a cinya. Na ba ta labarin Jajaye tun daga farko, ina jiran yabo. Ta saurara har ƙarshe, idonta a kan 'yan yatsun da suka riƙe wuyan rigata.

Ta ce, "Sannu, Malam. Ka ƙwato ta daga hannun Yaya. Ni kuma wa zan aika ya ƙwato min ita daga naka?"